Kan Sarki da Gidan Waya: Abin da Littattafan Tarihin Aika Wasiƙa Suka Adana Game da Zariya

Akwai kalmomi biyu a Hausa waɗanda ya kamata mai nazarin tarihin aika wasiƙa ya tsaya a kansu tun kafin ya buɗe wani littafi, watau "gidan waya" da "kan sarki". Ta farko tana nuna cewa abin da ya fara jan hankalin Bahaushe a wannan ma'aikata shi ne zaren ƙarfen nan da Turawa suka riƙa ja a bisa turaku daga bariki zuwa bariki, don haka ya kira gidan da sunan wayar, ya bar wasiƙa a baya. Ta biyu kuwa tana da ɗan abin mamaki, domin takardun farko da aka buga wa Jihar Arewa a 1900 hoton Sarauniya Victoria ne a jikinsu. Amma ta rasu a farkon 1901, kuma a 1902, shekarar da sojojin Ingila suka kafa sansani a Zariya, aka fito da masu hoton ɗanta, Sarki Edward na Bakwai. Daga nan sarakuna maza ne suka yi ta bin juna har 1952. Shekara hamsin ta ishi suna ya kama, shi ya sa hawan Sarauniya Elizabeth bai sake shi ba, samun mulkin kai a 1960 ma bai sake shi ba. Har yau ko hoton kifi ne a jikin takardar, sunanta kan sarki.

Aika wasiƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin daular Sakkwato wasiƙu cikin Larabci, masu ɗauke da hatimin sarakuna, suna kai da kawowa tsakanin Sarkin Musulmi da masarautu, kuma Waziri shi ne ƙofar Zazzau a fadar Sakkwato. Sa'ad da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan takardu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1927. Sai dai wannan tsari na manzanni ne. Sarki ke da manzo, attajiri kuma ya ba madugu ko wani amintaccen fatake saƙonsa. Talaka in yana da magana sai ya jira matafiyi. Sabon abin da gidan waya ya kawo shi ne cewa kowa, in dai yana da kuɗin kan sarki, za a ɗauki takardarsa a kai ta inda ya ce, ba tare da an san shi ba. A Ingila ma wannan dabara ta biyan kuɗi tun kafin a ɗauki wasiƙa ba ta daɗe ba, domin a 1840 aka fara ta bisa shawarar Rowland Hill.

Waɗanda suka fi kowa wahala wajen bin diddigin yadda wannan tsari ya shigo Nijeriya ba malaman jami'a ba ne. Masu sha'awar tara kan sarki ne na ƙasar Ingila, wasunsu tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka ko na kamfanoni. A 1950 suka kafa ƙungiyar nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma, wadda a yau ake kira West Africa Study Circle, mai fitar da mujallar Cameo. Gabanin haka, a 1949, Robson Lowe ya fitar da juzu'i na biyu na kundinsa a kan kan sarkin daular Ingila, wanda ya ƙunshi ƙasashen Afirka. Amma manyan littattafan da suka shafi Nijeriya kai tsaye guda biyu ne. Na farko shi ne The Postal Services of the British Nigeria Region Prior to 1914, na Jack Ince da John Sacher, wanda ƙungiyar Royal Philatelic Society ta Landan ta buga a 1992. Na biyu shi ne The Postal History of Nigeria, na Edward B. Proud, a 1995.

Yana da kyau a bayyana yadda waɗannan mutane suke aiki, domin malamin tarihi na iya raina su ya ce wasan yara ne, alhali kuwa akwai tsantseni a cikin aikin nasu wanda ba kowane kundin digiri ke da shi ba. In ambulan ya faɗo hannunsu, sukan fara da kan sarkin kansa: su ɗaga shi a haske su duba tambarin da ke ɓoye cikin takardar, su ƙirga yawan haƙoran gefensa a cikin santimita biyu, su gane ko bugu na nawa ne daga maɗaba'ar De La Rue ta Landan. Sa'an nan su koma kan hatimin da aka kashe shi da shi, wanda ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Kowane hatimi ana auna faɗinsa, a kwafe siffarsa, a rubuta rana mafi daɗewa da aka gan shi a jikin wasiƙa da rana ta ƙarshe. Idan wani ya samo ambulan da ya riga ranar da aka sani, sai ya aika wa mujalla a gyara lissafi. Daga bisani a juya bayan ambulan, inda kowane ofishin da wasiƙar ta ratsa ya buga nasa hatimin. Da wannan ne ake gane hanyar da ta bi da yawan kwanakin da ta yi. Littafin Proud ya bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya da irin wannan bayani. Ga mai neman sanin lokacin da hukuma ta fara ɗaukar wani gari da muhimmanci, ranar buɗe gidan wayarsa shaida ce mai ƙarfi, wani lokaci ma ta fi rahoton Razdan, domin hatimi ba ya neman yabo wajen Gwamna.

Ta wannan hanya aka tabbatar da abubuwa da dama. Kafin 1900, a yankin da Kamfanin Neja ke iko, kan sarkin Ingila ake mannawa, a kashe shi da hatimin kamfani a Akassa ko Burutu ko Lakwaja. Bayan Gwamna Lugga ya yi shelar kafa mulki a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, an samu wasiƙun farko waɗanda aka kashe kan sarkinsu da alƙalami da tawada, aka rubuta sunan ofis da hannu, alal misali a Jabba, saboda hatiman ƙarfe ba su wadata ba. Jihar Arewa ta yi shekara goma sha huɗu da nata kan sarkin, har aka haɗe ta da Kudu a 1914, aka buga mai sunan Nijeriya kaɗai. A cikin na Arewa akwai guda ɗaya na 1904 wanda kuɗinsa fam 25 ne. Babu wasiƙar da ke buƙatar wannan kuɗi a lokacin da kwabo ɗaya ke kai takarda Ingila, kuma masana sun tafi a kan cewa don biyan kuɗin lasisi aka yi shi. A yau yana cikin mafi tsada a kan sarkin Afirka, ana cinikinsa da dubban fam a gidajen gwanjo na Turai. An yi rubutu a kan wannan 'yar takarda fiye da yadda aka yi a kan dukan mutanen da suka ɗauki jakunkunan wasiƙa a ka daga Zungeru zuwa Kano.

Waɗannan mutane kuwa su ne gidan waya a farkon al'amari. Wasiƙar da ta taso daga Liverpool takan zo a jirgin ruwa zuwa bakin teku, ta hau ƙaramin jirgi ta bi Kwara, sa'an nan 'yan dako su karɓe ta su yi ta miƙawa daga zango zuwa zango, rani da damina, har Zariya. Abin da ya sake wannan hali shi ne jirgin ƙasa. Hanyar Baro zuwa Kano ta ratsa Zariya a 1911, aka kuma ja ƙaramar hanya daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na ƙasar Jos, wadda ta yi aiki har 1957, sa'an nan a 1929 aka kammala ta Ƙauran Namoda. Zariya ta zama mararraba. An riƙa haɗa wa jirgin fasinja tarago na musamman inda ma'aikata ke rarraba wasiƙu jirgi na tafiya, da nasu hatimin dabam, wanda masu tara kan sarki ke nema ruwa a jallo.

A gefen tashar nan ne Sabon Gari ya tsiro, nesa da ganuwar birni, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo, har da mutanen Gwalkwas da Saliyo. Duk baƙi ne masu iyali a nesa, kuma baƙo shi ne babban abokin cinikin gidan waya. Wanda ya karɓi albashi a ƙarshen wata yakan sayi fasa'oda ya aika gida, ya rubuta wa uwa, ya yi odar kaya daga kantunan Ikko ko na Ingila. Da garin ya faɗaɗa, unguwanni irin su Muciya suka cika da Hausawa 'yan ci-rani da leburorin kamfanoni da tsofaffin soja, sai buƙatar ta zama ta kowa. Wanda bai yi boko ba yakan je wajen mai rubuta wasiƙa da ke zaune da teburinsa kusa da ofis, ya faɗa masa sirrinsa, ya biya. Wanda ya iya ajami yakan rubuta abinsa da kansa, amma dole ya nemi mai rubuta masa adireshi da boko a bayan ambulan. Mutane da yawa ba su da akwatin kansu, sai su ara na makaranta ko na coci ko na wani mai kanti, ta yadda akwati ɗaya kan ɗauki wasiƙun rabin unguwa, mai mabuɗin kuma ya san wanda ake nema da aure da wanda ake bi bashi.

A nan ne littattafan da aka ambata suke da rauni, kuma raunin daga tushe yake. Littafin Ince da Sacher ya tsaya a 1914, shekara uku kacal bayan isowar jirgi Zariya, watau daidai lokacin da 'yan ƙasa suka fara shiga harkar. Bayan haka, ambulan da ke isa hannun mai tarawa a Landan shi ne wanda aka aika Ingila tun asali: na hafsan soja, na jami'in mulki, na ɗan mishan irin Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905 kafin mishan ta koma Wusasa, ko na wakilin kamfanin John Holt. Wasiƙar da ta tashi daga Muciya zuwa Gusau ta tsaya a cikin ƙasa, aka karanta ta, aka cusa a adaka ko a ƙarƙashin tabarma, gara ta gama da ita. Daɗin daɗawa, mai tarawa bayan ambulan yake so. Sau da yawa an raba shi da takardar ciki tun da daɗewa, ba a damu da wanda ya rubuta ba, balle abin da ya ce.

Alhali Zariya ta fi kowane gari a Arewa cancantar a rubuta tarihin wasiƙar Hausa a kanta. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, kuma jaridar ta rayu ne a kan gidan waya ta fuska biyu: ta nan take fita zuwa larduna, ta nan kuma wasiƙun masu karatu ke shigowa. Shi kansa Imam, bayan ziyararsa Ingila a 1943, ta wasiƙa ya ci gaba da bayyana wa Lugga matsalolin mulkin En'e. A Zariya har wa yau ake horar da kuratan soja, kuma da yawa daga cikinsu sun tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda suka riƙa rubuto wa gida takardu masu ɗauke da hatimin jami'in da ke tace saƙonni. A lokacin jirgin sama ya riga ya shiga aikin, domin tun 1936 kamfanin Imperial Airways ke kawo wasiƙu Kano ta hanyar Hartum. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu iya riƙe alƙalami, kuma abu na farko da ɗalibin ajin manya ke ɗokin yi shi ne rubuta wasiƙarsa ba tare da kowa ya ji sirrinsa ba. Daga baya aka samu malaman makaranta masu karatu ta wasiƙa da kwalejojin Ingila, da 'yan zaɓi-sonka masu aika katin gaisuwa gidan rediyon Kaduna.

Hotunan da ke jikin kan sarkin ma abin nazari ne. A jerin 1936 an wakilci Arewa da injin gurzar auduga da shanun Fulani da wata tsohuwar hasumiya. A na 1953 an sa gyaɗa da kuza da fatu da ƙiraga da mahayan Barno, watau yawanci abin da ake lodawa a jirgi zuwa teku. Sai a Maris 1959, don bikin mulkin kai na Jihar Arewa, aka fito da zauren majalisa na Kaduna a kan na taro, da masallacin Kano a kan na sule.

Samaru ta shigo lissafi tun da aka kafa gonar gwaji a farkon shekarun 1920, ta kuma bunƙasa da buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin da takardar shiga jami'a da sakamakon jarrabawa da mujallun ilmi duk ta jakar gidan waya suke zuwa. Rikicin 1966 ya kori dubban mutanen Gabas daga Sabon Gari, cikinsu har da ƙwararrun ma'aikatan reluwe da na gidan waya. A 1973 kwabo da naira suka maye gurbin taro da sisi da sule a jikin kan sarki, a 1985 aka raba ma'aikatar gida biyu aka kafa NIPOST, sa'an nan wayar salula ta zo a 2001 ta ɗauke yawancin abin da mutane ke rubutawa.

Fayilolin ma'aikatar gidan waya ta zamanin Turawa ana neman su ne a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, tsofaffin kofen Gaskiya kuma a Gidan Arewa da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Wasiƙun talakawa kuwa, in sun tsira, suna cikin adakokin tsofaffi a Muciya da Tudun Wada da cikin birni, kuma a bisa al'ada in mai adaka ya rasu, magada sukan ware takardar gida da ta gona, su ƙone sauran.