Asalin Kalma: Amatitlania

Amatitlania sunan kimiyya ne na wani rukunin ƙananan kifaye na Amurka ta Tsakiya, dangin karfasa. An ɗauko sunan ne daga tafkin Amatitlan da ke kudu da babban birnin Gwatemala. A harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, amatl itace ne dangin ɓaure wanda ake daka ɓawonsa a yi takarda, Amatitlan kuwa na nufin wurin da itacen ya yawaita.

Wanda ya fi shahara a rukunin shi ne Amatitlania nigrofasciata. Kalma ta biyun Latin ce, ma'anarta mai baƙin ratsi, saboda ratsi takwas ko tara da ke jikinsa. Su suka sa masu kiwon kifin ado ke ce masa ɗan fursuna. Albert Günther ne ya fara bayyana shi a 1867, ya sa shi cikin rukunin Heros. An yi ta sauya masa rukuni har 2007, lokacin da Juan Schmitter-Soto ya raɗa sunan Amatitlania.

Kifin ya fi son rafuka masu duwatsu. Macen kan saka ƙwai a kogon dutse, ita da namijin su tsare 'ya'yan tare.