Jita ko gitar: hanyoyin shigowar tsohuwar jitar lantarki Nijar da yadda ake gane shekarunta

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba kayan kiɗa guda, jitar lantarki ta hannu biyu, mu ɗauke ta a matsayin shaidar tarihi. Za mu fara da sunanta, domin suna yakan nuna hanyar da kaya ya biyo.

Hausa tana da suna biyu. A Nijeriya ana cewa jita, daga Ingilishi. A Nijar waɗanda suka yi lakwal sukan ce gitar, daga Faransanci. Sauyin g zuwa j abin lura ne, tun da Bature da g yake furta kalmar, kuma Hausa ba ta rasa gi ba (gida, giwa, gishiri). A ganinmu kalmar ta bi ta kan takarda ne, wani ya karanta gi irin karatun da Ingilishi yake yi masa a wasu kalmomi, sauran jama'a suka ɗauka daga bakinsa.

Sunayen nan biyu sun dace da hanyoyin ciniki biyu. Ta farko ita ce ta Yamai, inda ƙungiyoyin kiɗan zamani suka kafu bayan 1960, aka kuma buɗe cibiyar koyon kiɗa mai sunan Elhaji Taya a 1989. Ta biyu ita ce ta kan iyaka. Difa tana da nisan fiye da kilomita 1300 daga Yamai, alhali daga Asaga Nijeriya tana tsallaken Komadugu kawai. Tattasai da kifi banda sukan nufi Maiduguri, kayan ƙira su dawo, cinikin kuma da naira ake yin yawancinsa. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa kayan Nijeriya suka yi araha. Karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin sabon kayan Turai. Makaɗi mai ƙaramin ƙarfi sai ya koma ga gwanjo. Arewa kuwa labarinta daban ne: a zamanin tawayen 1990 zuwa 1995 kaset ɗin Abdallah Oumbadougou a ɓoye suke yawo, kuma Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari. Hanyar Komadugu ta tsinke a 2015, sa'ad da Boko Haram ta kai hari Difa da Boso a watan Fabrairu, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin kifi da tattasai, daga baya mutanen Asaga suka ƙaura zuwa bakin babbar hanyar kwalta.

To, yaya ake gane abin da waɗannan hanyoyi suka kawo? Sunan da ke kan jita shi ne shaida mafi rauni, domin ɗan tambari ne da ake mannawa. Tun shekarun 1970 masana'antun Japan suke kwaikwayon ƙirar Amurka, har kamfanin Gibson ya kai mai sayar da Ibanez a Amurka kotu a 1977 saboda siffar kai. Fender kuwa a 1982 sai ya haɗa kai da Japanawa, aka fito da Squier, waɗanda na farkonsu lambarsu take farawa da JV. Saboda haka kwaikwayo ba koyaushe yake nufin kayan banza ba. Abin da ya kamata mai saye ya guda shi ne biyan kuɗin Amurka a kan kayan wata ƙasa.

Mu ɗauki Stratocaster, wadda ta fito a 1954. A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kuma a ƙarshen shekarar aka faɗaɗa kan jitar. Daga wajen 1971 zuwa 1981 sukurori uku ne suke riƙe wuya maimakon huɗu. A 1976 lambar ƙira ta tashi daga farantin ƙarfe na bayan wuya ta koma kai, da harafin S na shekarun 1970, daga baya E na 1980. Idan aka kwance wuya, a gindinsa akan sami kwanan wata, da fensir kafin 1962, da hatimi bayan haka. Shaida ta uku tana cikin ciki, a bayan maɓallan ƙara murya. Lamba kamar 1376523 ana karanta ta haka: 137 kamfanin CTS, 65 shekara, 23 mako. Wadda ta fara da 304 ta Stackpole ce. Amma wannan lamba tana faɗar lokacin da aka ƙera maɓallin kaɗai. Jitar da ba a taɓa ba ba za ta girme shi ba, wadda aka gyara kuwa tana iya girme shi da shekara ashirin. Sai shaidun uku sun yi daidai kafin a yanke hukunci.

A nan ne ma'aunin dillalan Turai da namu suka rabu. Su jitar da ba a sauya mata ko sukuru ɗaya ba suke nema, sabon fenti kuwa yakan zubar da babban kashi na kuɗinta. A ƙasarmu jitar da ta yi shekara talatin tana aiki ba za ta kasance haka ba. Hunturu yana busar da katako har bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankar yatsa, ƙura tana cinye maɓalli, mai gyaran rediyo ya sa na rediyo a madadinsa, wuyan wata ya hau jikin wata. Ga dillali wannan lalacewa ce. Ga mai tarihi kowane gyara yana nuna kasuwar da aka sami kayan gyara da hannun da ya yi aikin, kamar yadda j ɗin jita take nuna inda kalmar ta ratsa.

Shawararmu ga mai saye ita ce ya ɗora ido daga kai zuwa jiki ya duba miƙewar wuya, ya jona ta da amfili ya gwada kowane maɓalli, kana ya nemi izinin kwance sukurori. Mai sayarwa ma ya kwance ya karanta kafin ya faɗi kuɗi, domin yau hoton lamba guda a wayar salula ya isa dillali a Paris ya san abin da ke hannunsa. Wanda zai sauya maɓallin da ya mutu, ya ajiye tsohon a cikin akwatin jitar, ya rubuta shekarar gyara da garin da aka yi shi.