Wanda aka hana kwangila, wa zai kai wa kuka?

A zamanin En'e ɗan kwangila ba shi da bakin tambayar dalili. Tun da Turawan mulki suka tsayar da baitulmali a masarautun Arewa, wajen 1911, aikin gina rumfunan kasuwa, makarantar elementare ko kawo dawar gidan yari daga majalisar sarki yake fitowa. Ma'aji ya biya, Di'o ya duba littafi. Wanda aka tsallake hanyarsa biyu ce. Ko ya yi kamun ƙafa da wani na kusa da fada a tuna da shi a gaba, ko ya je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya a tsara masa takardar koke zuwa ga Razdan. Mahaifina, wanda ya kawo wa En'e katako da kwanon rufi kafin ni in gaji sana'ar, yakan ce hanya ta biyu sai wanda ya shirya barin gari, domin takardar takan zagayo ta dawo hannun wanda aka kai ƙara, a ce ya yi bayani.

Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi 301, waɗanda yau suka kai 774. Aka kawo littafin ƙa'idojin kuɗi, aka kafa kwamitin tanda, aka ajiye akwati mai kwaɗo a sakatariya inda kowa zai jefa ambulan ɗinsa. Shekara guda kafin nan gwamnatin Murtala ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, mai ikon bincikar ƙaramar hukuma. Sai dai shawara take bayarwa, ba ta soke kwangila. Lokacin kuɗin mai ne, aiki ya yi yawa, wanda bai samu yau ba zai samu gobe. Daga nan al'adar yin shiru ta zauna a sana'armu. Muka riƙa gaya wa junanmu cewa rabo ne, alhali mun san mai uwa a gindin murhu ne ya ci.

Canji daga Abuja ya faro. Bayan binciken da gwamnatin Obasanjo ta yi da Bankin Duniya kan yadda ake ba da kwangila, an buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna da shi. A watan Yunin 2007 Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kaya da ba da kwangila, wadda ta haifi hukumar BPP. A nan ne karon farko doka ta rubuta wa wanda ya faɗi matakan da zai taka. Sashe na 54 ya ba shi kwana 15 na aiki, daga ranar da ya san abin da ya faru, ya kai koke a rubuce ga babban jami'in ma'aikatar. Jami'in shi ma yana da kwana 15 ya ba da amsa a rubuce tare da dalili. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, akwai kwana 10 na zuwa BPP, wadda za ta iya dakatar da aikin ta yanke hukunci cikin kwana 21. Bayan ita sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. Dokar ta ce a buɗe tanda a bainar jama'a, a karanta farashin kowa, wanda ya faɗi kuma in ya nemi bayani a yi masa.

Da na karanta wannan na yi murna ƙwarai. Amma dokar ta gwamnatin tarayya ce, da ayyukan da tarayya ta zuba aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu. Kwalbatin ƙauye, bencin firamare da rijiyar burtsatse da ƙaramar hukuma ke yi da kuɗinta suna ƙarƙashin dokar jiha. Jihohi kuwa kowace da ranar da ta farka. Jigawa na cikin na farko-farko, Kaduna ta yi tata a 2016, Kano a 2021. Yawancinsu tsarin tarayya suka bi, amma adadin kwanaki kan bambanta, shi ya sa ɗan kwangila ya wajaba ya mallaki kwafin dokar jiharsa kamar yadda ya mallaki takardar rajistar kamfaninsa.

Na taɓa neman aikin kawo benci a wata ƙaramar hukuma. Ranar buɗe akwati na zauna da biro na rubuta farashin kowa a bayan ambulan. Nawa ne mafi ƙasa, takardun harajina cikakku. Mako uku sai na ga motar wani tana sauke benci na farin katako, wanda damina ɗaya ke karyawa. Na rubuta koke kwafi biyu, na tsaya a gaban akawun rajista har ya buga hatimi da kwanan wata a nawa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da gidan nan ai ba ta haka." Na ce, "Malam, dalili kawai nake nema." Ban sami aikin ba. Amma da mai binciken kuɗi ya zo ya tarar da takardar a fayil, sai aka sa mai bencin ya sauya rabinsu kafin a biya shi. 'Ya'yan talakawa ne ke zama a kansu, kuma wannan ya fi mini ribar da na rasa.

Abin da ya fi kashe koke shi ne jiran arziki. Mutum zai kwashe wata yana zarya gidan ciyaman da gidan kansila, ana ce masa a yi haƙuri, kafin ya farga wa'adin doka ya wuce, an biya abokin takararsa kuɗin kafin alƙalami. Na biyu tsoro, kada a daina kiransa. Tsoron na gaskiya ne, shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan kwangila su riƙa rubutawa da sunansu, maimakon su tsaya ga rabon goron ɗaurin aure. Akwai kuma wahalar sanin wa ya yanke shawarar tun asali, domin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya sa kwangilar ƙaramar hukuma sau da yawa daga babban birnin jiha ake aiko ta da sunan mai ita.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomi. Aiwatarwa na jan ƙafa. In ta tabbata, ciyaman ba zai sake cewa daga sama aka turo ba, kuma koken da aka buga wa hatimi a rajistarsa shi ne zai fara amsawa, kafin hukumar kula da kwangila ta jiha, kafin Babbar Kotun Jiha.