Raƙumi a Tafin Hannu: Tarihin 'Yan Jiragen Roba

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin saman Ingila suka karɓi wani sabon jirgin yaƙi mai fukafukai hawa biyu daga kamfanin Sopwith. Matuƙa suka dubi murfin da ya rufe bindigoginsa biyu a gaban mazauni, suka ga ya yi tozo, sai suka laƙaba masa suna Camel, wato raƙumi, sunan kuwa ya bi shi. An ƙera irinsa kimanin 5,490, amma na asali da suka rage a duniya yau ba su kai goma ba. Dalili kuwa shi ne jiragen wancan zamani katako ne da waya da yadin lilin da aka ɗame aka shafe da wani irin mai don ya yi tauri, ba a yi su don su daɗe ba. Saboda haka mafi yawan mutanen da suka san siffar wannan raƙumi ba a gidan tarihi suka gan shi ba, a kan teburi suka haɗa shi da hannunsu, da roba da gam, tsawon fukafukansa bai kai taƙi guda ba. Tarihin wannan sana'a ta nishaɗi muke so mu ɗan bi da mai karatu.

Abin ya soma ne a Ingila a 1932, lokacin da wani matashi mai suna James Hay Stevens ya tsara 'yan jiragen katako da ake sayarwa da sunan Skybirds. Shi ya zaɓi ma'aunin 1/72, wato kowane inci ɗaya na ɗan jirgi yana wakiltar ƙafa shida na jirgin gaske. Hikimar a nan ita ce dogon mutum mai ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif, ido kuma ya iya kwatanta girman jirgi da na matuƙinsa nan take. A 1936 jerin FROG Penguin ya kawo irin waɗannan jirage da roba, a kan ma'aunin dai na Stevens. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai wasa ya zama aiki, domin a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata 'yan jirage 500,000 a wannan ma'auni, don a koya wa masu harbi bambance jirgin gida da na abokan gaba.

Wanda ya shigar da abin kowane gida shi ne kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove, mutumin Hungari, ya kafa a Landan a 1939. Jirginsa na farko, Spitfire, ya fito a 1953, kuma ana sayar da irin waɗannan kaya a shagunan Woolworths cikin 'yar leda a kan sule biyu. Kafin shekarun 1950 su ƙare, raƙumin Sopwith da Albatros na Jamus da Fokker mai fukafukai uku duk sun shiga ledar.

To amma fa masu wannan harka sun yarda cewa jirgi mai fukafukai hawa biyu shi ne mai ba da wahala. Faɗin fukafukan Camel ƙafa 28 ne. A ma'aunin 1/72 ya koma kusan santimita 12, a na 1/144 kuwa bai cika santimita 6 ba. A cikin wannan ɗan fili ne mutum zai tsayar da sandunan da ke tokare da fiffiken sama, kowace ba ta fi tsinken sakace kauri ba, ya ɗora fiffike a kansu kafin gam ya bushe, ba tare da ya karkace ba. Sannan ga wayoyin da ke ɗaure jirgin. Tsofaffin hannu sukan ɗauki ragowar robar da sassan suka zo a jikinta, su kara ta a wutar kyandir, idan ta yi laushi su ja ta har ta zama siririya kamar gashi, su yanka, su dasa ɗaya bayan ɗaya da matsefata. Atishawa guda tana iya ɓata aikin dare uku.

Inda ya fi ba mu sha'awa shi ne batun launi, domin a nan ne mai wasa ya rikiɗe ya zama ɗan tarihi ba da niyya ba. Wanda zai tsoma buroshi a fenti dole ya yanke hukunci, alhali marubucin littafi yana iya kewaye tambayar ya wuce. Jiragen Ingila ana shafa musu wani haɗi da ake kira PC10, na ƙasa mai ruwan ɗorawa da baƙin kunkunniya. Shin kore-kore ne ko ruwan ƙasa? An shafe shekaru ana wannan gardama a mujallun masu sana'ar, har aka gane cewa haɗin kansa yakan bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, rana da man inji kuma su ƙara sauya shi. Hotunan zamanin ma ba su raba gardama ba, don baƙi da fari ne, kuma irin fim ɗin da ake amfani da shi yakan nuna ruwan ɗorawa kamar baƙi. Wannan ne ya sa har yanzu ba a daina musu ba a kan murfin injin jirgin Werner Voss, matuƙin Jamus da aka harbo ranar 23 ga Satumba 1917 yana ɗan shekara 20: wasu suka ce ruwan ɗorawa ne, wasu suka ce kore mai duhu. Fokker mai fukafukai uku kuwa, irin wanda Manfred von Richthofen ya mutu a cikinsa ranar 21 ga Afrilu 1918, guda 320 aka ƙera, babu kuma ko ɗaya cikakke da ya tsira. Wanda aka adana a wani gidan tarihi na Balin ya halaka a ruwan bama-baman yaƙi na biyu.

Sai dai a ganinmu akwai abin da wannan ƙwazo yake tsallakewa. Ɗan jirgin roba yakan fito tsaf-tsaf, launi ya zauna, waya ta miƙe, mazaunin matuƙi kuma galibi fayau. Na gaskiya injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, yana fesa wa matuƙi man zurma a fuska, yana kuma fizgar jirgin zuwa dama da ƙarfin da ya hallaka ɗalibai da yawa tun ba su ga fagen fama ba. Matuƙan jiragen Ingila ba a ba su laimar tsira ba har yaƙin ya ƙare. A watan Afrilu 1917 kaɗai rundunarsu ta rasa jirage 245. Mutum zai iya kwana yana auna faɗin tauraron da ke jikin fiffike bai taɓa tambayar shekarun yaron da ya zauna a ciki ba, duk da cewa, don a yi adalci, masu binciken launi ɗin nan su ne sukan tono sunayen matuƙa da lambobin jiragensu daga tsofaffin takardu.

Mu ma nan muna da ɗan rabo a labarin. Jiragen da suka sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, bayan doguwar tafiya daga Masar, masu fukafukai hawa biyu ne guda uku samfurin DH.9A, kodayake na jefa bam ne ba na farautar jirage ba. Jagoransu, Arthur Coningham, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne a fagen Faransa.

Kasuwar kanta ta sha hawa da sauka. Airfix ya durƙushe a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006. Bayan faɗuwar gurguzu a gabashin Turai sai kamfanoni irin su Eduard na ƙasar Cek da Roden na Yukren suka rungumi jiragen yaƙin farko da manyan kamfanoni suka yi wa riƙon sakainar kashi. A 2009 Peter Jackson, mai shirya finafinai na ƙasar Niyu Zilan, ya fito da Wingnut Wings a babban ma'auni na 1/32, kowane kwali da ɗan littafi cike da tsofaffin hotuna. Daga cikin jiragen da ya fitar har da DH.9A irin na Kano. Kamfanin ya rufe a 2020.