Matsalolin Haɗa Kafofin ISDN da Tantance Mai Kira a Tsarukan Linux da FreeBSD

Layin ISDN na gida ko ƙaramin ofis, wanda ya yaɗu a Jamus da sauran ƙasashen Turai da Amurka a shekarun 1990, yana ɗauke da kafofi biyu na aika bayanai da ake kira B, kowacce mai gudun kilobit 64 a daƙiƙa, da kafar D mai kilobit 16 wadda ke shirya kira da katse shi. Haɗa kafofin B su zama dami guda mai kilobit 128 ya dogara ga ƙa'idar Multilink PPP da aka fayyace a RFC 1990 a shekarar 1996, inda ake yanka ƙunshin bayanai gunduwa-gunduwa, a sa wa kowacce lamba, a raba su kan kafofin, sannan ɗaya ɓangaren ya sake jera su. Matsayar wannan maƙala ita ce, idan damin ya ƙi haɗuwa, sau da yawa laifin yana wurin tantance mai kira, don haka can ya kamata bincike ya fara kafin a zargi layi ko na'ura.

Kuskuren farko gado ne daga zamanin modem na layin tarho, lokacin da manhajar chat ke buga lamba, ta jira na'urar kamfanin intanet ta nemi suna da kalmar sirri a rubuce. A kiran ISDN mai tafiya kan ƙa'idar HDLC babu wannan musayar rubutu, domin PPP yana farawa ne da zarar an amsa kira, kuma ana tantancewa ta ƙa'idar PAP ko CHAP, a Linux daga fayilolin pap-secrets da chap-secrets da ke cikin /etc/ppp. Saboda haka umarnin da aka kwafo daga tsohon modem yakan zauna jiran tambayar da ba za ta zo ba har wa'adinsa ya ƙare, kuma abin takaici, saƙon da mai amfani ke gani bai bambanta da na layin da ya lalace ba. Tambayar suna a rubuce tana yiwuwa ne idan ɓangarorin biyu suna amfani da ƙa'idar V.120 ko X.75.

Kafa ta biyu kira ce mai zaman kanta, wadda dole ta sake tattaunawar LCP, wato matakin da ɓangarori ke daidaita sharuɗɗan haɗi, ta gabatar da MRRU, wanda shi ne girman ƙunshi mafi yawa da za a iya sake harhaɗawa, ta kuma tantance kanta da sunan da ta farko ta bayar tare da alamar shaida iri ɗaya. A isdn4linux, tsohon tsarin ISDN na Linux, ana buƙatar umarnin addslave da addlink na isdnctrl, da kunna manhajar ipppd da zaɓin +mp a kan na'urorin ippp biyu, yayin da manhajar ppp ta FreeBSD ke buƙatar set mrru. Ko da an cika waɗannan duka, kamfanin intanet yana iya taƙaita asusu ga kira ɗaya ta siffar Port-Limit ta ƙa'idar RADIUS, ko kuma kira na biyu ya sauka a wata na'urar amsa kira daban wadda ba ta san da damin farko ba, matsalar da kamfanin Cisco ya magance da ƙa'idar SGBP. Rahoton manhajar pppd ko ipppd shi ke raba gardama: idan an ƙi MRRU, ɗaya ɓangaren bai yarda da haɗawa ba, idan kuwa an katse bayan tantancewa, asusun ne abin dubawa. A Amurka an sami ƙarin tarko, domin layuka da yawa sun buƙaci lambar shaidar layi ta SPID guda biyu, kuma kuskure a ta biyu yana barin kafa ɗaya kawai tana aiki.

Akwai kuma yanayin da damin ya haɗu daidai amma gudu bai ƙaru yadda ake zato ba, wanda ya fi shafar na'urorin waje da ake jonawa ta mashigar siriyal. Mashiga mai gudun bit 115,200 a daƙiƙa tana kashe bit 10 a kan kowane bayit, saboda haka iyakarta bayit 11,520 a daƙiƙa, alhali kafofi biyu suna iya ɗaukar 16,000, kuma ana biyan kuɗin kira biyu. Maganin shi ne mashiga mai gudun 230,400 ko katin ISDN na cikin kwamfuta, irin waɗanda manhajar HiSax ta riƙa tuƙawa a da.