Yadda Hayaƙi Ya So Ya Cinye Taj Mahal

 Duk mai kallon fina-finan Indiya ya san Taj Mahal, farin ginin nan na birnin Agra. Sarki Shah Jahan ne ya fara gina shi a 1632 domin tunawa da matarsa Mumtaz Mahal, da farin dutsen mabul da aka ɗauko daga Makrana. Ya yi sama da shekara 300 yana shan rana da ruwan sama. Abin da ya so ya ga bayansa shi ne hayaƙi.

Ga yadda abin yake. A da, masana'antun Agra suna ƙona gawayin kwal, ga kuma matatar mai ta Mathura da ta fara aiki a 1982. Hayaƙinsu na ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda in ya haɗu da danshin iska sai ya koma asid. Shi kuwa mabul ɗan gidan su alli ne, ba ya ga maciji da asid. Sai fuskar dutsen ta dushe, ta fara ɓarɓashi, ƙura da baƙin hayaƙi su manne, farin ya koma ruwan ɗorawa.

A 1984 wani lauya, M.C. Mehta, ya kai ƙara Kotun Ƙolin Indiya. Shekara 12 ana fafatawa. A Disamban 1996 kotu ta umarci masana'antu 292 su koma amfani da iskar gas ko su tashi daga yankin da aka shata, mai faɗin murabba'in kilomita 10,400. Yau motar fetur ko dizal ba ta matsawa kusa da ginin.

To gyara fa? Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya tana shafa wa bangon wani yumɓu mai suna multani mitti, wanda matan can ke gyaran fuska da shi. In ya bushe sai a ɓare shi, a wanke da tataccen ruwa. Yana tsotse datti, amma ba ya dawo da abin da asid ya ci. Kuma har 2018 kotun na yi wa gwamnati faɗa cewa ginin na ci gaba da sauya launi.

Wannan ya shafi gidajenmu ma. In kuna da mabul a falo ko kicin, kar ku kusantar da shi da lemun tsami, khal ko asid ɗin wanke banɗaki. Ruwa da sabulu mara ƙarfi sun isa. In abu mai tsami ya zuba, a tsane shi nan take. In har ya ci wurin, sai mai injin goge dutse.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ɗaya ya shigar da ƙarar nan, kuma bai gaji ba. Wane kayan tarihi ne ke lalacewa a garinku? Ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.