Ƙwayoyin Ƙarin Sinadaran Abinci, Naitirik Oksaid da Huhun Mashaya Sigari: Bitar Hujjoji Domin Yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin nazarce-nazarcen da aka wallafa domin tantance ko ƙwayoyin ƙarin sinadarai, irin waɗanda ake sayarwa a kemis da kasuwannin yankin, suna kare huhun mai shan sigari. Hujjojin da aka samu ba su goyi bayan hakan ba.

Gabatarwa

Binciken manya masu amfani da taba na 2012 ya nuna kashi 7.3 cikin ɗari na mazan Nijeriya suna shan sigari. A arewa maso yammacin Jigawa, huhun mashayi yana fama har da ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki.

Naitirik oksaid iska ce da jiki yake haɗawa daga sinadarin arjinin, tana saki jijiyoyin jini da hanyoyin numfashi. Gano aikinta ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Tun 1991 aka fara auna ta a numfashin ɗan Adam, kuma Kharitonov da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa ta ragu a numfashin mashaya.

Tattaunawa

Daga nan masu tallan ƙwayoyin suka samo hujjarsu: tunda naitirik oksaid ta ragu, sai a ƙara ta. Sai dai hayaƙin sigari kansa yana ɗauke da wannan iska mai yawa, abin da ake ganin yana sa jiki ya rage haɗa tasa. Gurɓatattun sinadaran hayaƙin kuma suna haɗuwa da ita su zama feroksinaitirait, mai lahanta ƙwayoyin halitta. Ga kuma masu asma, yawanta a numfashinsu alamar kumburi ce. Saboda haka hauhawar awo kaɗai ba ta nufin huhu ya samu sauƙi.

Babban gwajin ƙwayoyin ƙarin sinadarai da aka yi wa mashaya gargaɗi ya bari. A ƙasar Finlan an gwada beta-karotin a kan maza 29,133 masu shan sigari. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A Amurka, wani gwaji makamancinsa mai suna CARET ya samu ƙarin kashi 28 cikin ɗari, aka dakatar da shi a 1996. Gaskiya ne mashayi yana buƙatar ƙarin miligiram 35 na bitamin C kullum, amma gwaba ko lemo sun isa su cike wannan.

Abinci kam babu takaddama a kansa. Alayyafo da latas da ake nomawa a fadamun Kazaure suna da naitiret, wanda ƙwayoyin bakteriya na cikin baki suke fara sarrafawa kafin ya zama naitirik oksaid, kankana kuma tana da sitirulin, wanda jiki yake mayarwa arjinin. Cin su alheri ne, amma ba sa goge illar hayaƙi.

Kammalawa

Abin da Fletcher da Peto suka nuna a 1977 har yau yana nan: wanda ya daina sigari, saurin raguwar ƙarfin huhunsa yana lafawa. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar magani ba ce. Ana kira ga asibitocin ƙananan hukumomin huɗu su samar da na'urar awon numfashi da sashen taimakon masu son daina sigari, hukumomi kuma su aiwatar da Dokar Taƙaita Taba ta 2015.